Ruwan Goronyo da Kuɗin Gargaɗi: Abin da 2010 Ta Bar wa Boɗinga da Shagari

Kafin zuwan manyan madatsun ruwa, manomin fadama a ƙasar Sakkwato ya san lokacin cikar gulbi kamar yadda ya san lokacin shuka. Ruwa kan hau sannu a hankali a tsakiyar damina, ya malale fadama, sannan ya janye ya bar laka mai albarka. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, da ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 a kan Gulbin Rima, sun sauya wannan lissafi. Tun daga nan hawan gulbi ya rataya a kan shawarar ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, masu buɗe ƙofofi da rufe su. Wanda kuwa ke riƙe da ƙofa, a wuyansa nauyin sanar da na ƙasa yake.

An ga girman wannan nauyi a Satumban 2010. Mamakon ruwan sama ya cika Goronyo, mai ɗaukar sama da kubik mita miliyan 900, har aka buɗe ƙofofinta don gudun kada ta fashe. Ruwan ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya raba dubun dubatan mutane da muhallansu, ya kuma karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, dole aka rufe jami'ar. A shekarar ce aka kafa hukumar NIHSA mai sa ido kan koguna, wadda daga 2013 take fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Hukumar agajin gaggawa, NEMA, ta riga ta samuwa tun 1999, hukumar yanayi, NiMet, kuma tun 2003.

Sai dai hasashen da aka karanta a Abuja bai zama gargaɗi ba sai ya isa kunnen mai gida. Tsarin gargaɗi igiya ce mai ƙulli huɗu: ma'aunin da ke nuna hawan ruwa, ma'aikacin da ke karanta shi, hanyar isar da saƙo, da wurin da jama'a za su fake. Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen riƙo: batir ya mutu, a sace farantin sola, yashi ya binne ma'auni, alawus ɗin mai karatu ya maƙale. Ƙulli ɗaya ya kwance, sauran sun zama banza.

Boɗinga da Shagari, da ke kudu da birnin Sakkwato, suna da nasu yanayin. Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu yake Sifawa, da Shagari, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, sun fi fuskantar barazanar ruwan sama mai ƙarfi, wanda ke cika ƙoramu cikin sa'o'i kaɗan ya jiƙa gidajen ƙasa har su rufta. Shagari kuma tana da madatsarta da ke buƙatar kulawa. A irin waɗannan wurare, abin da ya fi amfani ba shi da tsada: hasashen NiMet da Hausa da Fulfulde a Rediyon Rima, ma'aunin ruwan sama a sakatariya, lambobin wayar hakimai da masu unguwanni, lasifikar masallaci, da yashe magudanai kafin watan Yuni.

Wajen awon riba da asara ne ake yawan kuskure. Kuɗin riƙon yana fitowa ɓaro-ɓaro a kasafin kowace shekara, amma ribar, wato rumbun da aka kwashe da yaron da aka kai tudu, ba ta da rasit. Rahoton wani kwamitin duniya kan jure sauyin yanayi na 2019 ya ƙiyasta cewa gargaɗin sa'a 24 na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren, ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, aka kuma ƙiyasta asararta a kan naira tiriliyan 2.6. Gargaɗi ma yana da nasa farashin: idan aka ta da gari sau biyu ruwa bai zo ba, a karo na uku ba mai motsawa. Maganin wannan shi ne awo mai kyau, wanda shi ma riƙo yake bukata.

Gargaɗi ba ya ceton shinkafar da ke gona, ba ya kuma hana katanga faɗuwa. Yana ceton rai da dabba da hatsi. Fashewar madatsar Alau a kan Maiduguri a Satumban 2024 ta nuna cewa haɗarin bai gushe ba. Tambayar da ta kamata a riƙa yi wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu kowace bazara ita ce: wa ke karanta ma'aunin, kuma an biya shi?