Makaɗin Zuciya: Tarihin Ciwon da Magani Ya Riga Sunansa

A cikin kowace zuciya akwai wani ɗan ƙulli na tsoka wanda tsawonsa bai wuce santimita biyu ba. Yana zaune a saman ɗakin dama, daidai inda babbar jijiya ke dawo da jini daga kai da hannuwa. Shi ke sakin ɗan ƙaramin lantarkin da ke sa zuciyar baligi ta buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Na fi son in kira shi makaɗi, domin da kiɗansa sauran zuciya ke taka rawa. Idan ya gaji, yawanci saboda tabon da tsufa ke bari a cikinsa, sai bugu ya yi sanyi, ko ya tsaya na ɗan lokaci, ko ya riƙa sauri yana komawa sanyi. Mai ciwon yakan ji jiri da kasala, wani lokaci ya yanke jiki ya faɗi. Tarihin gano wannan ciwo nake so in bi.

Farko sai da aka ga makaɗin. A shekarar 1906, a wani gidan gona da ke Kent ta ƙasar Ingila, ɗalibin likita Martin Flack yana duba zuciyar wata 'yar dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, sai ya ga wani ƙulli da ba a taɓa bayyana shi ba. Shi da malaminsa Arthur Keith suka bi shi a zukatan wasu dabbobi da ta mutum, suka wallafa bincikensu a 1907. Kafin nan, a garin Laidin na ƙasar Holan, Willem Einthoven ya ƙera na'urar da ke zana lantarkin zuciya, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Da ita likita ya fara ganin kiɗan da idonsa, bayan ƙarnukan da aka yi ana laluben sa da yatsa a wuyan hannu.

Ganin ƙullin bai sa an gane ciwonsa nan take ba. Sai a 1954 likita ɗan Birtaniya David Short ya bayyana majinyatan da zuciyarsu ke sauri sannan ta koma sanyi. A 1967, Bernard Lown na Boston ta Amurka ya lura cewa bayan ya daidaita hargitsattsen bugu da girgizar lantarki, akwai majinyatan da ƙullinsu ke kasa karɓar aikinsa. Ya kira halin ciwon ƙulli mara lafiya. Shekara ɗaya bayan haka likita Irené Ferrer ta birnin Niyok ta tattara alamominsa, sunan ya zauna.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganin ya riga sunan da shekara tara. Ranar 8 ga Oktoba, 1958, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, likitan fiɗa Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar saita bugun zuciya wadda Rune Elmqvist ya haɗa. Ciwon Larsson daban ne, hanyar da lantarki ke bi zuwa ɗakunan ƙasa ce ta toshe masa. Na'urar farko ta yi sa'o'i kaɗan ta mutu, aka sauya wata. An yi ta sauya masa fiye da sau ashirin, ya rayu har 2001 yana da shekara 86, bayan rasuwar likitan da maƙerin duka. Da ciwon ƙulli ya sami suna, sai aka tarar na'urar na jiran sa, kuma a yau yana cikin manyan dalilan da ake dasa ta.

Darasin da na ɗauka shi ne magani ba ya isa ga majinyaci sai an san abin da ke damunsa. Wannan nisa tsakanin magani da suna har yanzu yana nan a gidajenmu. Dattijo ya faɗi a tsakar gida, ya farfaɗo bayan ɗan lokaci, a ce tsufa ne ko yunwa, a ba shi kunu a rufe zancen. Alhali gwajin zanen zuciya, ko ƙaramar na'urar da ake rataya wa mutum ta bi bugunsa yini da kwana, na iya nuna inda kiɗan ya yanke. Masana sun yi shekara sittin daga ganin ƙullin zuwa sa wa ciwonsa suna. Abin da ya rage mana ya fi haka sauƙi: mu ƙirga bugun tsohon da ya faɗi, mu kai shi gaban likita.