Bishop Fearon da Kadunar da Kogi Ya Raba

Kafin shekarar 2000, Sabon Tasha, a kudancin garin Kaduna, unguwa ce ta ma'aikatan masaƙu, 'yan kasuwa da baƙin da suka zo cin rani suka zauna. Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwambar 2002 su suka sauya mata fuska. Kiristoci suka kwashe kayansu daga Tudun Wada da Rigasa suka tsallaka kogin Kaduna zuwa kudu, Musulmi suka yi arewa, har matasa suka fara kiran ɓangaren kudu Urushalima, na arewa kuma Makka. A wannan zamanin ne Josiah Idowu-Fearon yake riƙe da kujerar Bishop na cocin Anglika a Kaduna, wadda ya hau a 1998.

An haife shi a 1949 a Gerinya, cikin Jihar Kogi ta yau. Da farko aikin soja ya nufa, har ya shiga makarantar horar da yara sojoji ta Zariya, amma ya ƙare a aikin coci, aka naɗa shi limamin coci a 1971. Ya yi karatu a Durham da Birmingham a Ingila, inda ya zurfafa a ilimin addinin Musulunci, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1990 aka tura shi Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya, a matsayin Bishop na farko na can. Wanda ya yi shekara takwas a garin Shehu ba ya buƙatar a gaya masa darajar gaisuwa da kai ziyara fada.

Abin da ya bambanta shi shi ne ya tsaya kan cewa jahiltar addinin maƙwabci ita ke hura wutar fitina. Ya kafa cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi a Kaduna, inda ake zaunar da fastoci da sauran masu bi ana karantar da su abin da Musulunci ya ƙunsa. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba. A cikin mutanen da suka binne 'yan'uwansu suka rasa gidajensu, akwai masu ganin Bishop ya cika sassauci, wasu ma na raɗe-raɗin cewa rabinsa Musulmi ne. Ba a ga laifin mai jin zafi ba. Amma shi ma bai janye ba.

Ya zama Akbishop na lardin Kaduna a 2002. A 2015 aka naɗa shi Babban Sakataren haɗaɗɗiyar cocin Anglika ta duniya a Landan, ɗan Afirka na farko a muƙamin, ya riƙe har 2022. Yana can Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya ba shi shugabancin Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a 2017, lokacin da kashe-kashen Kudancin Kaduna suka yi ƙamari, kuma da yawa daga cikin Kiristocin jihar ba sa ga maciji da gwamnan.