Shergar: Zakaran Sukuwa da Aka Yi Garkuwa da Shi

A daren 8 ga Fabrairun 1983, wasu 'yan bindiga da suka rufe fuskokinsu suka kutsa bargar Ballymany da ke ƙasar Ayalan. Suka tsare iyalan Jim Fitzgerald, mai kula da dawakin, suka tilasta masa ya shigar da ingarma guda cikin motarsu. Mutumin Tsafe ko Bunguɗu, ko mai bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ba sai an fassara masa irin wannan dare ba. Amma wanda aka ɗauke ɗin doki ne, kuma fam miliyan 2 aka nema kuɗin fansarsa.

Shergar ke nan, jan doki mai farin goshi da fararen ƙafafu huɗu, mallakar Aga Khan, jagoran Isma'iliyya a wancan lokaci. An haife shi a 1978, Michael Stoute ya hore shi a Ingila. Sau 8 kacal ya shiga sukuwa, ya ci 6.

Shekararsa ita ce 1981. A Sandown ya ba na biyu ratar tsawon doki 10, a Chester 12. Ranar 3 ga Yuni aka yi babbar sukuwar Derby a Epsom, zangon mil ɗaya da rabi, mahayinsa Walter Swinburn yana ɗan shekara 19. Da suka sha kwanar ƙarshe ya sakar masa linzami, dokin ya tsere wa sauran kamar an ɗaure su a turke. Tun kafin layi yaron ya sassauta masa, duk da haka ratar ta kai tsawon doki 10. Tun 1780 ake wannan gasa, ba a taɓa cin ta da rata irin wannan ba. Ya ƙara da Derby ta Ayalan da kofin Sarki George a Ascot. Sai a sukuwar St Leger ya zo na huɗu, daga nan aka sauke masa sirdi.

Aka yi masa kuɗi fam miliyan 10, aka kasa shi hannun jari 40, aka mayar da shi Ayalan don barbarar goɗiyoyi. A nan ɓarayin suka yi kuskuren lissafi: sun ɗauka Aga Khan kaɗai ke da shi, alhali masu shi sun haura talatin. Suka ƙi biya, don gudun kada kowane doki mai daraja ya zama abin farauta. Ina ganin hujjarsu, amma dabbar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba ita ta ɗauki nauyin wannan shawara.

Bayan kwana huɗu ɓarayin suka daina kira. Daga baya Sean O'Callaghan, tsohon ɗan IRA, ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta Ayalan, ya ce su suka sace shi don sayen makamai, kuma sun harbe shi da ya gagare su riƙewa. Ƙungiyar ba ta taɓa amsa laifin ba. Har yau ba a gurfanar da kowa ba, ba a kuma ga gawarsa ba.