Daga Hatimin Katsinawa zuwa Cibiyar Sheda

Matafiyin da ya ɗauki hanyar Lokoja daga Abuja, in ya wuce Gwagwalada ya shiga yankin Kwali, zai tarar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda. An kafa ta a 1988, Farfesa James Ezeilo kuma shi ne daraktanta na farko. Aikinta bincike ne, da horas da malamai, da shirya ɗaliban da ke wakiltar Najeriya a gasar lissafi ta duniya.

Rubutu kan lissafi kuwa ya girmi Abuja nesa ba kusa ba. A 1732 Malam Muhammad al-Katsinawi ya wallafa littafi da Larabci a kan hatimi, wato gidajen lambobin da jimillarsu ke zuwa ɗaya a tsaye, a kwance da a karkace. Bai tsaya ga nuna hatimin ba, sai da ya bayyana wa ɗalibi ƙa'idar cike gidajen bi da bi. Wannan ai koyarwa ce tsantsa. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

A zamanin boko, Ƙungiyar Lissafi ta Najeriya ta fito da mujallar Abacus, inda malamai ke buga bincikensu. Muhawara kan koyar da lissafi ta yi zafi a 1977, lokacin da gwamnatin tarayya ta soke manhajar "lissafin zamani".

Abin damuwa, da Turanci ake buga binciken malaman lissafi, alhali malamin firamare a ƙauye da Hausa yake fahimtar da yara tarawa da ɗebewa. Ya kamata Sheda ta riƙa fassara masa.