Daga Karofin Kura Zuwa Kwalejin Zariya

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya bi hanyar Zariya, in ya yi kamar mil 20 sai ya iso Kura. Abin da idonsa zai fara gani yanzu shi ne gonakin shinkafa da alkama da tumatir, tun daga Kura har Kadawa da Bunkure. Dalili kuwa, da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai aka jawo ruwa, mutane suka kama noman rani. Amma tun ba a yi mafarkin Tiga ba Kura ta yi suna, da rini kuwa ta yi shi.

Marinan Kura su ne ke jiƙa baba da toka cikin karofi, su yi ta tsoma turkuɗi har ya yi baƙi wuluk. Daga nan a kai wa mabuga, su zuba shuni, su yi ta bugu har ya riƙa ƙyalli. Buzaye sukan saya su kai Agadas da gaba. Har yau akwai rawanin da ake kira ɗan Kura. Sa'ad da Baturen nan na Jamus, Barth, ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Duk wannan gwaninta ba a makaranta aka koye ta ba. Ɗa yana gani wurin ubansa, bara wurin ubangidansa.

To, wajen shekara 100 bayan zuwan Barth, sai ga wata hanyar koyo dabam ta ɓullo a wancan ƙarshen hanyar Zariya. Cikin 1952 Gwamnati ta kafa babbar kwaleji ta Nijeriya mai rassa 3, watau Zariya da Badun da Inugu. An fara koyar da zane-zane a reshen Badun cikin 1953, sa'an nan cikin 1955 aka ɗauko sashen aka kawo shi Zariya. A nan saurayi zai zauna shekara 4 yana koyon zane da fensir, da haɗa launi, da sassaƙa. Malaman galibi Turawan Ingila ne, sai wata 'yar ƙasa, Clara Ugbodaga-Ngu. Ɗaliban kuwa yawancinsu 'yan Kudu ne, domin a lokacin makarantun sakandare ba su da yawa a Arewa.

Ana nan sai waɗansu ɗalibai suka lura da wani abu. Ana koya musu gwanayen Italiya da Faransa tun daga tushe, amma na gida ba a ba su muhimmanci. Ga shi kuwa in suka shiga birnin Zariya suna ganin zanen magina a fuskar soraye, da aska takwas a ƙirjin riguna, da zayyana a allunan masu sauka. Saboda haka cikin 1958 suka kafa jam'iyyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya.

Tawayen nasu ba na ƙin karatu ba ne. Abin da suka ce shi ne a karɓi kayan aikin Turawa da dabarunsu, amma kowa ya koma garinsu ya tono hikimar kakanninsa, ya gama su. Manomi zai gane wannan da auren mangwaro: reshe na waje, tushe na gida, in babu tushen reshen ba ya kamawa. Okeke ya koma wa zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya kama tatsuniyoyin mutanensa, Urhobo. Grillo ya shahara da shuɗi, irin na rinin Yarabawa. Wani abokin karatunsu, Jimoh Akolo, ya riƙa zana mahaya da makaɗa na ƙasar Hausa. Cikin bikin samun mulkin kai na 1960, aka nuna ayyukan waɗansunsu a Ikko.

Jam'iyyar ta watse cikin 1961 da manyanta suka gama karatu, amma shawararta ba ta mutu ba. Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta gaji kwalejin duk da sashen zane-zane. Aka riƙa ba da digiri, ana koyar da zanen tufafi da ginin tukwane tare da fenti da sassaƙa. Cikin 1977 jami'ar ta yi abin da ya tabbatar da maganar samarin nan. Ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa, mace Bagwariya mai ginin tukwane, wadda ta koyi sana'arta a gida wurin danginta kafin ta shiga ma'aikatar tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, cikin 1954. Hotonta ne aka sa a bayan takardar naira 20.

Rinin Kura kam ya ja baya, domin yadin kanti da rinin bature sun fi araha, samari kuma sun fi son noman rani da cinikin shinkafa. Ba laifi ba ne, kowa ya bi abin da zai ci da iyalinsa. Sai dai karofi in ya cike da ƙasa, tsohon da ya san sirrinsa kuma ya kwanta dama, babu littafin da zai mayar da shi.

Don haka, in yaro a Kura ko Bunkure ya ce zai tafi Zariya karatun zane, bai kamata uba ya ɗauka wasan yara ne ba. Abin da ya fi shi ne ya kama hannunsa, ya kai shi wurin tsohon marini ko mabugi, ya zauna da su ko da rani ɗaya ne, ya ga yadda ake ta da baba. In ya so bayan nan sai ya kama hanya.