Waɗanda Suka Riga Mu Ƙetare Teku

A yawancin ikkilisiyoyinmu watan Janairu yakan zo da murna da ƙwalla a haɗe. Jami'o'i da dama a Ingila da Kanada da wasu ƙasashe suna ɗaukar ɗalibai a wannan wata, saboda haka sai a ga iyalin da suka yi sujadar tsallake shekara tare, kafin mako biyu sun rage mutum ɗaya a kan tabarmar cin abinci. Iyaye sun biya kuɗin da suka daɗe suna tarawa, wasu har da sayar da gona ko fili. Ƙungiyar mawaƙa ta rasa murya ɗaya. Mu matasa da muka rage kuma muna tsakanin taya murna da tambayar kanmu ko zai dawo, in ya dawo kuma wane irin mutum zai dawo.

Wannan tambaya ta girme mu. Tun fiye da shekara 160 da suka wuce yaran ƙasarmu suke ƙetare teku, kuma yana da kyau mu san yadda ta kaya da wasu daga cikinsu kafin mu raka namu filin jirgi.

Yaron da ba wanda ya yi masa rakiya

Wajen shekarar 1839 aka haifi wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu a yankin Kance, kusa da Damagaram, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi har ya isa Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852 kusa da Tafkin Chadi, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare da shi suka bi ta Sakkwato har Tumbuktu, suka komo Barno, suka ratsa hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. A watan Satumba na 1855 suka sauka a Landan. Dorugu bai wuce shekara goma sha shida ko sha bakwai ba.

Mu dakata mu dubi irin wannan tafiya. Ba wanda ya ɗora masa hannu ya sa masa albarka. Ba uwar da ta ƙulla masa yaji da daddawa a cikin kaya. Ba adireshin da zai aika wa wasiƙa, domin gidan da ya fito an riga an watsa shi. Abin da ya shiga Ingila da shi daga gida ɗaya ne tak, wato harshen da ke bakinsa.

Wannan harshe kuwa shi ya zama dukiyarsa. A garin Chatham akwai wani fasto Bajamushe na mishan ɗin CMS, J. F. Schön, wanda ya shiga tafiyar Kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, tun daga nan kuma yake ƙoƙarin rubuta Hausa. Ciwo ya hana shi komawa Afirka, ga shi ba shi da Bahaushen da zai riƙa ji daga bakinsa. Dorugu ya zauna a gidansa shekaru, yana koyon karatu da rubutu, shi kuma yana ba Schön kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, ana rubutawa. An yi wa yaran biyu baftisma a Ingila. Daga 1857 aka fara buga wasu sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa, nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamus a 1876, sai littafin Magana Hausa a 1885, wanda ke ɗauke da labarin Dorugu da bakinsa. A ciki yaron ya kwatanta Turawa da al'adunsu kamar yadda Barth ya kwatanta mu, ido buɗe, ba tare da ya raina kansa ba.

Abbega ya komo a 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya komo a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar Nasarawa ta Kano, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Ya rasu a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, da aikin Dokta Walter Miller da abokansa, amma duk ranar Lahadin da muka buɗe shi, muna cin gajiyar aikin da wani yaro marar gata ya taimaka aka soma a wani ɗaki mai sanyi a Chatham. An kai shi don ya koya, sai ga shi ashe shi ma malami ne.

Daga Wusasa zuwa Birmingham

A shekarar da Dorugu ya rasu aka haifi Russel Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau. Tafiyarsa ta sha bamban da ta Dorugu, domin shi yana da gida, yana da jama'ar da suka aike shi. Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya buɗe makaranta, wadda daga baya aka mayar Wusasa a 1929. Daga wannan ƙaramar jama'a Dikko ya wuce King's College ta Legas, daga nan ya tafi Jami'ar Birmingham karatun likita.

Dole ce ta sa aka tafi nesa haka. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Ta Ibadan ba a buɗe ta ba sai 1948, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai 1962. Wanda zai tafi yakan hau jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Legas, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa na kamfanin Elder Dempster, ya yi wajen mako biyu a kan teku kafin ya ga Liverpool. Wasiƙa ma wannan hanyar take bi. In uwa ta aika tambaya a Janairu, amsa ba ta iso ta sai an shiga Fabrairu ko Maris. Ba zancen zuwa hutun Kirsimeti. Wanda ya tafi ya tafi ke nan sai ya gama, kuma iyaye sun san mai yiwuwa wani tsoho a gidan ba zai ga dawowarsa ba.

Dikko ya gama, ya dawo, ya zama likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, ya shiga aikin asibitin gwamnati a 1940. Bai tsaya a ɗakin duba marasa lafiya kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi ne kuma shugabanta na farko a 1949, Kirista a gaban ƙungiyar da yawancin membobinta Musulmi ne. Cikin waɗanda suka yi wannan tafiya tare da shi akwai malaman makaranta da su ma ba su daɗe da dawowa daga Landan ba: Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi a 1945, Aminu Kano a 1946. A 1967 Dikko ya zama kwamishinan ma'adinai da wutar lantarki na tarayya. Ya rasu a 1977, asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna kuma sunansa yake ɗauke da shi. Bayansa wani ɗan Wusasa, Ishaya Audu, ya yi karatun likita a Ibadan da Landan, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ɗan da aka aika waje ya dawo yana riƙe da makarantar da za ta sa dubban yara su yi digiri ba tare da sun hau teku ba.

Ɗan Kwoi da ya yi tunanin na baya

Wannan tunani shi ne ya cika zuciyar Byang Kato. An haife shi a Kwoi a 1936, ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Igbaja, ya tafi London Bible College a 1963. Da ya dawo ya zama babban sakataren ECWA a 1967, a farkon yaƙin basasa. Ya sake fita zuwa Dallas a Amurka, inda ya sami digirin digirgir a ilimin tauhidi. A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai hedkwata a Nairobi, a 1974 kuma ya yi jawabi a babban taron Lausanne.

Kato ya ɗanɗana tsadar karatun waje, ya kuma ga cewa ikkilisiyar da ke girma da sauri ba za ta iya aika dukan malamanta Turai da Amurka ba. Saboda haka ya dage a kafa manyan makarantun tauhidi a nan Afirka, ɗaya don masu Faransanci, ɗaya don masu Turanci. Bai ga cikar wannan buri ba. A watan Disamba na 1975 ruwa ya ci shi a gaɓar teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39. Iyalinsa da ikkilisiya suka shiga sabuwar shekarar 1976 da makoki. Amma makarantar Bangui ta buɗe a 1977, ta Nairobi a 1983, har yau kuma suna yaye fastoci da malamai.

Namu zamanin

Yau tafiyar da ta ci Dikko mako biyu ba ta wuce awa shida ko bakwai daga Abuja zuwa Landan. Uwa tana iya ganin fuskar ɗanta a waya kowane dare. Amma kada sauƙin hanya ya ruɗe mu. A Fabrairu 2022 ɗalibanmu da ke Yukiren sun gudu da ƙafa zuwa iyakokin ƙasar da yaƙi ya ɓarke. A Afrilu 2023 aka kwashe na Khartum cikin motoci zuwa iyakar Masar. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, iyaye da yawa sun ga kuɗin makarantar da suka lissafa ya ninka a hannunsu. Daga 1 ga Janairu 2024 kuma Birtaniya ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu tafiya da iyalinsu, wato miji ko mata a can, yara a nan. Kewa da sanyi da kunyar faɗa wa gida cewa abubuwa sun yi wuya, waɗannan ba su canja ba tun zamanin Dorugu.

To me tarihin nan yake nema daga gare mu?

Kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa da ke shirin tafiya, ka lura cewa babu ɗaya cikin mutanen nan da ya tafi hannu wofi, har da wanda aka ƙwace masa kome. Harshenka da tarbiyyar gidanku da bangaskiyarka kaya ne, ba ƙazanta ce da za ka kakkaɓe a filin jirgi ba. Daniyel da abokansa an kai su Babila, an canja musu suna, an koya musu harshe da ilimin Kaldiyawa har suka fi kowa, duk da haka sun san inda za su tsaya. Ka yi karatun da ya kai ka da iyakar ƙarfinka. Ka nemi ikkilisiya a makonka na farko, kada ka jira sai ka zauna da gindinka, domin mai jira yakan tarar shekara ta wuce. In jarrabawa ta kayar da kai ko kuɗi ya yanke, ka faɗa wa gida gaskiya da wuri. Ka kuma riƙe tambayar Kato a ranka: wa zai amfana da abin da nake koya? Ba kowa ne zai dawo da zama ba, ba mu kuma da ikon yanke wa kowa hukunci a kan haka. Amma bari karatunka ya san hanyar gida, ko da kai kana nesa.

Mu da muka rage, namu aikin ba ya ƙarewa da liyafar bankwana. A 1 Sama'ila sura 2 an ba da labarin Hannatu, wadda ta bar ɗanta ƙarami a Shilo wurin Eli, amma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Sai ta yi tunanin yadda ya girma tun ganinta na ƙarshe kafin ta yanka ƙyallen. Haka ake riƙe wanda ke nesa: a ci gaba da saninsa yadda yake yanzu, ba yadda ya bar mu ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to yau ƙafar ta haɗa da kiran waya. Mu raba sunayen waɗanda suka tafi a tsakaninmu, kowa ya ɗauki mutum ɗaya da zai riƙa nema kowane wata. In mun kira, mu fara da tambayar lafiyarsa da sujadarsa, kada kiranmu ya zama na neman aike kawai, domin ɗalibin da ke wanke kwanoni da dare don biyan haya ba banki ba ne. Mu riƙa leƙa Baba da Mama da aka bari, musamman a watannin farko da gida yake yin shiru. Mu kuma tuna da 'yan'uwanmu da ba su sami hanyar fita ba, suna karatu a Jos ko Zariya ko Yola. Don su ne Audu da Kato suka yi wahala, karatunsu kuma bai gaza na kowa ba.

Dorugu bai sami mai sa masa albarka ba, duk da haka Ubangiji bai bar shi ba. Namu 'ya'yan suna da iyaye, suna da ikkilisiya, suna da mu. Allah ya kiyaye fitarsu da shigarsu cikin wannan shekara, ya ta'azantar da iyayensu, ya ba mu aminci mu riƙe su har ranar da za mu sake haɗuwa. Amin.