Daga Gandu Zuwa Kamfani: Tarihin Jari a Ƙasar Kura da Bunkure

Tun kafin Turawa su zo da dokar kamfani, Bahaushe yana da hanyoyinsa na haɗa jari. A gona akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma wuri guda, su ci daga rumbu guda. A kasuwa akwai maigida da yaransa, ya ba su kaya su tafi fatauci Gwanja, su dawo a zauna lissafi. Malaman Malikiyya kuwa sun daɗe suna karantar da babin ƙirali, wato mai kuɗi ya ba mai ƙwazo jari a raba riba. Idan aka yi asara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Ashe iyakance asara ba baƙon abu ba ne a Kano. Abin da waɗannan tsare-tsare suka rasa shi ne tsawon rai: duk a wuyan mutum ɗaya suke rataye, ranar da ya kwanta dama sai gandu ya watse, a raba gado.

Kamfani mai iyakantaccen alhaki a Ingila ya samu gindin zama, da dokokin 1855 da 1856. A 1896 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar wani mai sana'ar takalma, Salomon, cewa kamfani daban, mai shi daban. Bashin kamfani ba ya bin mai shi har gida. Wannan tunani ya iso Legas da dokar kamfanoni ta 1912, aka faɗaɗa ta zuwa dukkan Najeriya a 1917, aka sabunta ta a 1922. A daidai lokacin ne jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe. Sai dai rigar an ɗinka ta ne daidai jikin manyan kamfanonin Turawa. Ɗan kasuwar Kano ya shiga harkar a matsayin wakilin sayen gyaɗa, kuma ƙalilan ne, irin gidan Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, suka mayar da dukiyarsu kamfanin da ya rayu bayan mai shi. Dokar 1972 ta mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, attajiran Kano suka sayi hannun jari, masana'antu suka yawaita a Bompai da Sharaɗa, daga baya har Challawa ta ƙasar Kumbotso.

Daga Challawa zuwa Kura tafiya ce 'yar kaɗan, amma tarihin jarinsu ya sha bamban. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ta karɓi ragamar aikin. Manomin da a da yake zaman jiran damina ya koma yana noma alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina. Kuɗi ya shigo, sana'o'i suka biyo shi: masu injin casa a Kura, mata masu turara shinkafa, masu sayar da taki da iri, dillalan tumatir a Kwanar Gafan, masu ba da hayar injin ban-ruwa. Gwamnati ta tsara manoma cikin ƙungiyoyin gama-kai da na masu amfani da ruwa, amma ɗan kasuwar da ke tsakanin gona da kasuwa an bar shi da tsohon tsarinsa na maigida da yaro, da adashi, da amana.

Ba jahilci ne ya hana shi yin rajista ba, kamar yadda wasu ke saurin faɗa. Dokar 1968 da ta 1990, wadda ta kafa hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, duk sun shar'anta mutum biyu aƙalla kafin a kafa kamfani, ga sakatare, ga mai binciken asusu, ga kuɗin lauya. Mai injin casa ɗaya ya duba ya ga tsadar rigar ta fi ƙarfin kasuwarsa. Wanda ya matsa sai ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, wanda ba ya raba aljihunsa da na sana'a. In bashi ya taso, gidansa da gonarsa suna ciki.

Sai a ranar 7 ga Agusta, 2020, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, aka ɗinka riga daidai ƙaramin ɗan kasuwa. Mutum ɗaya yana iya kafa kamfani da jarin hannu na naira 100,000, ƙaramin kamfani kuma ba dole ba ne ya ɗauki sakatare ko mai binciken asusu. Tsakanin wannan ranar da dokar 1912 shekara 108 ce.

A ganina, iyakance asarar da ake ta yayatawa ita ce mafi rauni cikin alfanun kamfani ga mutumin Kura. Banki ba ya ba ƙaramin kamfani rance sai mai shi ya tsaya lamuni da kansa ko ya ajiye takardar fili, kuma dillalin da ya ba ka shanshera bashi fuskarka ya sani, bai san takardar CAC ba. Ga wajibcin kai rahoto duk shekara, da raba asusun gida da na sana'a, abin da ke da wuya a inda cefane da kuɗin man inji suke fita daga aljihu ɗaya.

Alfanun da ya fi tasiri yana wajen gado. Injin casa ba ya rabuwa kashi takwas a ba matar mamaci tumuninta. Sai dai a sayar, sau da yawa da araha, ma'aikata su watse. Idan kuwa injin mallakar kamfani ne, abin da mamaci ya bari hannun jari ne, kuma hannun jari yana rabuwa daidai yadda shari'a ta tsara: mata ta ɗauki tumuninta, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, inji kuma yana nan a rumfarsa yana casa.